Wanda Aka Bari Shi Kaɗai

Masu karatu, ku yi mana haƙuri da wannan “mu” da za ku yi ta gamuwa da ita a cikin takardar nan. Al'adar alƙalami ce kurum, haka muka tarar magabata suna yi. In an bi gaskiya, mai rubutun mutum ɗaya ne, malamin makaranta, kuma a lokacin da abin nan ya faru yana ganin duk ƙasar nan babu wanda ya kai shi kaɗaici.

Shekarar da muka fito daga kwalejin horon malamai aka tura mu wani ƙauye mai nisa da garinmu, wanda in damina ta yi ƙarfi rafi ya kan yanke hanyarsa har kwana uku. Mutanen garin ba su rage mu da kome ba. Sun ba mu ɗaki a bayan makaranta, maigari kuma ya sa a riƙa kawo mana tuwo da dare. Amma mu Kirista ne, a garin kuwa babu wani Kirista sai mu. In Lahadi ta zo mu kan tura ƙyaure, mu buɗe Littafi mu karanta wa kanmu, mu yi waƙa ƙasa-ƙasa, sa'an nan mu yi addu'a mu ce amin, ba mai amsawa. Da magariba kuwa in muka hango jama'a sun yi sahu a masallaci, kafaɗa da kafaɗa, sai mu ji wani abu ya tokare mana ƙirji. Ba ƙyashi ba ne. Kewa ce irin ta wanda ya san daɗin sahu.

A cikin aji huɗu akwai wani yaro, bai fi shekara goma sha ɗaya ba, wanda ya fi kowa lissafi. Shi ne ya kan ɗauko mana littattafai, ya kan ɗebo mana ruwa ba a sa shi ba. Wata Litinin da hunturu, muna duba tsabtar yara kamar yadda aka saba, farce da kai da wuya, sai muka ga wani tabo fari-fari a kafaɗarsa. Muka tuna da abin da aka koya mana a darasin kiwon lafiya, muka ce ya rufe ido, muka taɓa wurin da tsinin fensir. Bai ji ba. Muka ƙara dannawa, ya ce, “Malam, ka fara?”

Aka kai shi asibiti, aka tabbatar kuturta ce. Malamin asibiti ya ba shi magani kyauta na wata goma sha biyu, ya ce da zarar ya fara sha ba ya sa wa kowa, ya koma makaranta abinsa, kuma tun da an gane da wuri ko yatsa ɗaya ba zai rasa ba. Duk wannan gaskiya ne. Amma kafin yaron ya dawo daga asibiti labari ya riga shi isowa. Iyaye suka ce in ya shiga aji za su janye 'ya'yansu. Aka ce ya zauna gida “har ya sami sauƙi.” A gidan ma aka ware masa kwano da tabarma, daga baya aka mai da shi wurin kakarsa, wata tsohuwa mai 'yar bukka a bayan gari, wajen fadama.

To, ga inda maganar ta ke. Mu da muka gano ciwon, mu da muka fi kowa a garin sanin ba abin tsoro ba ne, wata huɗu cur ba mu taka ƙofar bukkar nan ba. Mun ce wa kanmu aiki ya yi yawa. Ƙarya ne. Tsoro ne iri biyu: tsoron ciwon, wanda ilmi bai fitar mana da shi daga jiki ba, da tsoron kada a ce baƙon malamin nan yana shiga wurin kuturu, a daina sakin jiki da mu, mu rasa ɗan abin da mu ke da shi na mutane.

Da hutu ya zo muka tafi gida, muka je gai da wani dattijo na majami'armu, wanda a ƙuruciyarsa ya yi aikin wankin miki a ɗaya daga cikin asibitocin kutare da 'yan mishan suka riƙe a ƙasar nan. Muka yi ta kai masa kukan kaɗaici, har muka ba shi labarin yaron, a kan misali ne na jahilcin mutanen ƙauye. Ya saurara har muka gama. Sa'an nan ya ce, “Ɗana, sau nawa ka je ka gan shi?” Muka yi shiru. Bai ƙara cewa kome ba, ya shiga ɗaki ya fito da wani tsohon littafi wanda gara ta ci bayansa, ya ce, “Karanta wannan, in ka gama ka mayar mini.” Lalle laifi tudu ne. Labarin da ke cikin littafin nan, da abin da muka ƙara bincikawa daga baya, shi za mu ba ku.

A tsakiyar Tekun Fasifik akwai waɗansu tsibirai da a ke kira Hawai, waɗanda a zamanin da mu ke magana su ke da sarkinsu na kansu. Da jiragen baƙi suka fara zuwa, cututtuka suka biyo su, suka yi ta kashe 'yan ƙasa, a ciki har da kuturta. A 1865 Sarki Kamehameha na Biyar ya sa hannu a kan doka, cewa duk wanda aka samu da ciwon a raba shi da jama'a. Aka zaɓi wani ɗan zirin ƙasa a arewacin tsibirin Molokai, teku ta kewaye shi ta fuska uku, ta huɗun kuwa dutse ne a tsaye kamar bango, tsawonsa ya kusa ƙafa 2,000. Kurkuku ke nan wanda bai bukaci dogari ba. A watan Janairu 1866 aka sauke mutum goma sha biyu na farko a can, daga nan har zuwa 1969 da aka soke dokar an kai mutum wajen 8,000. Hukuma ta zaci za su yi noma su ci da kansu, ta manta da cewa mai fartanya sai da yatsu. Shekaru suka yi ta wucewa babu likita mazauni. A kan zo a ɗauki miji a bar mata, a ɗauki yaro a bar uwa tana kuka a bakin jirgi. Saboda haka mutanen Hawai suka sa wa ciwon wani suna a harshensu, wanda ma'anarsa ita ce ciwo mai rabawa. Ku lura, ba su kira shi mai cin yatsu ba. Sun san inda ya fi ci.

Mutumin da ya ke kan labarinmu an haife shi a ƙauyen Tremelo, ƙasar Beljiyam, ran 3 ga Janairu 1840. Sunansa na gida Jozef De Veuster, watau Yusufu, ɗan manomi ne, ƙaƙƙarfa, mai iya sassaƙa da gini. Da ya shiga ƙungiyar limaman Katolika ya ɗauki sunan Damiyan. Wansa ne aka zaɓa ya tafi Hawai, sai rashin lafiya ya kwantar da shi, ƙanen ya roƙa a ba shi gurbinsa. Ya bar gida a 1863, bai sake ganin uwarsa ba har ta rasu. Ya yi shekara tara yana aiki a babban tsibirin ƙasar. A 1873 Bishof ya nemi wanda zai je Molokai, amma bai yarda ya tilasta wa kowa ba. Limamai huɗu suka ba da kansu, aka shirya su riƙa karɓa-karɓa. Damiyan ne ya fara zuwa, ran 10 ga Mayu, yana da shekara 33, ya tarar da majinyata ɗari bakwai ko fiye. Da ya ga abin da ya gani sai ya aika ya ce shi ya zauna ke nan. Makonnin farko a gindin wata itaciya ya riƙa kwana, don ba shi da ɗaki.

Aikin da ya yi a can sananne ne, ba za mu daɗe a kansa ba. Ya gina gidaje, ya jawo ruwa daga kwari, ya faɗaɗa majami'a, ya tara marayu, ya wanke miki, ya sassaƙa akwatunan gawa da hannunsa, ya haƙa kaburbura. Warin miyakun ya kan kai shi ga fita waje ya sha iska a tsakiyar sujada, har ya koyi shan lofe don hayaƙin taba ya danne. Abincin mutanen ƙasar wani irin tuwon gwaza ne da a ke ci da hannu a kwano ɗaya, shi kuwa ya kan zauna ya sa hannu tare da su. Tun a shekarar farko in zai yi musu wa'azi ba ya cewa “ku,” sai ya ce “mu kutare,” alhali jikinsa lafiya lau.

Abin da ya tsai da mu a littafin nan wani abu ne dabam. Mu ba 'yan Katolika ba ne, saboda haka bari mu bayyana wa waɗanda ba su sani ba irinmu. A ɗarikarsu wajibi ne mutum ya furta zunubansa a gaban limami, a asirce, a yi masa albishir da gafara. Limami ma sai ya sami wani limami ya furta masa, ba ya yi wa kansa. To, ga mutum yana sauraron zunuban ɗaruruwan mutane, yana sallamar masu mutuwa kusan kullum, shi kuwa ba shi da wanda zai sauke wa nasa kaya. A cikin shekararsa ta farko hukumar lafiya ta hana shi fita daga wurin. Shugabansa ya biyo jirgin ruwa don ya gan shi, mai jirgi ya hana shi sauka, ya kuma hana Damiyan hawa. Sai Damiyan ya shiga ɗan kwalekwale, aka tuƙa shi har gindin jirgin, ya ɗaga murya ya furta zunubansa da Faransanci, matafiya suna leƙowa, shugaban ya sa masa albarka daga sama. Jama'a, ku dubi wannan. Abin da a ke faɗa da raɗa, shi ya faɗa da ihu a kan teku. Ba wanda zai yi haka sai wanda ƙishin ɗan'uwa ya kai shi maƙura.

An aiko masa da abokan aiki har sau biyu, amma ba su jitu ba, kuma ba za mu ce laifin duk nasu ne ba. Ɗan Adam tara ya ke bai cika goma ba. Damiyan mutum ne mai taurin kai, mai saurin fushi, wanda in ya ga abu daidai ne ba ya jiran izni. Wajen ƙarshen 1884 ya tsoma ƙafa a ruwan zafi, fata ta saluɓe, bai ji kome ba. Da muka zo nan a littafin sai muka ajiye shi, gama mun tuna da tsinin fensirinmu. Likita ya tabbatar masa. Tun daga ran nan “mu” ɗin da ya ke faɗa ta zama gaskiya har a fata.

Mai karatu zai zaci a nan ne 'yan'uwansa za su rungume shi. Ina! A nan ne aka fi barinsa. Daga 1885 har 1888 galibi babu wani limami mazauni tare da shi, ya kan yi watanni bai ga ko ɗaya ba. Ya nemi izni ya riƙa zuwa Honolulu, babban birnin ƙasar, shugabansa ya rubuto masa kada ya zo, in kuwa ya zo sai dai a killace shi a ɗaki. Da jaridun Turai suka fara yabonsa, mutanen Ingila suka tara masa kuɗi, sai manyansa suka zarge shi da neman suna. A zamanin kuma akwai likitocin da su ke riya cewa kuturta daga fasikanci ta ke tasowa, saboda haka har jikinsa aka bincika don a ga ko ya karya alkawarin da ya ɗauka na zama ba mace. Ba a sami kome ba, amma an riga an yi. A cikin takardun da ya rubuta a shekarun nan bai cika kukan ciwo ba. Ya kan ce yana murna da rabonsa. Abin da ya ke ta maimaitawa shi ne a aiko masa da ɗan'uwa limami, yana kuma ambaton baƙin tunanin da ke sauko masa in ya daɗe shi kaɗai. Murnar da baƙin tunanin a takarda ɗaya su ke, ɗaya bai kori ɗaya ba.

Mun san da yawa daga cikin masu karatun shafin nan Musulmi ne, abin da suka riƙe a kan ƙarshen zaman Annabi Isa a duniya kuwa dabam ya ke da namu. Ba gardama ta kawo mu ba. Muna so ne kurum mu nuna inda mutum irin Damiyan ya ɗebo ruwansa, gama in ba a san wannan ba, sai a ɗauke shi mahaukaci ko mai neman suna, kamar yadda waɗansu suka ɗauke shi.

Da muka koma ga Linjila da idon wanda ya karanta labarin Molokai, sai muka ga wani abin da muka yi shekaru muna tsallakewa. Marubutan Linjila ba su daɗe a kan azabar jiki ba. Gicciyewar kanta Markus da 'yan kalmomi ya faɗe ta ya wuce, bai siffanta ƙusa ba, bai siffanta jini ba. Inda suka zauna suka yi bayani dalla-dalla shi ne yadda mutane suka yi ta zamewa ɗaya bayan ɗaya. A lambun Gatsemani Yesu ya ɗauki aminansa uku, Bitrus da Yakubu da Yohanna, bai roƙe su su yi yaƙi ba, abin da ya roƙa su zauna a farke kusa da shi. Sau uku yana dawowa yana tarar da su suna barci. Wanda ya bashe shi ɗaya ne daga cikin masu cin abinci a kwano ɗaya da shi. Da aka kama shi duk suka watse. Bitrus, wanda ya yi rantsuwa ba zai gudu ba, ya zauna yana jin wuta a tsakar gidan babban firist, wata baranya ta tambaye shi, ya ce bai san mutumin ba, har sau uku kafin carar zakara. Matan da suka biyo shi daga Galili su ne suka tsaya, yawancinsu ma daga nesa. Sa'an nan, wajen ƙarfe uku na yamma, ya ɗaga murya ya tambayi Allah dalilin da ya sa ya yashe shi. Markus da Matiyu duka sun rubuta wannan kuka da harshen da ya fito daga bakinsa, kafin su fassara, kamar waɗanda suka ji abin ya ƙi fita daga kunnensu.

Masu wa'azi su kan yi hanzari su ce kalmomin nan farkon Zabura ta 22 ne, wadda ta fara da kuka ta ƙare da yabo, saboda haka ba kukan yashewa ba ne na ainihi. Gaskiya ne daga Zabura su ke, gaskiya ne kuma ta ƙare da yabo. Amma a ganinmu suna saurin share hawayen da ba a gama zubarwa ba. Da almajirai sun so su ɓoye maganar nan da sun ɓoye, gama ba ta ƙara wa shugabansu kwarjini a idon duniya, ba ta kuma rufa musu asiri. Sun bar ta domin haka ya faru, domin kuma a nan zuciyar addinin ta ke: cewa babu wani rami na kaɗaici da ɗan Adam zai faɗa ya tarar Almasihu bai riga shi shiga ba. Dokar Musa a Littafin Firistoci ta ce mai ciwon fata ya zauna shi kaɗai a bayan zango (masana sun ce kalmar ta haɗa cututtukan fata iri iri, ba kuturtar da muka sani kaɗai ba). Yesu kuwa da irin wannan mutum ya zo masa, ya miƙa hannu ya taɓa shi, alhali magana kaɗai ta isa. Daga ƙarshe shi kansa a bayan ƙofar birni aka kashe shi, Wasiƙa zuwa ga Ibraniyawa kuma ta kira masu binsa su fita su same shi a can. Damiyan bai yi wani abu ba illa ya ɗauki wannan kira a kan yadda aka faɗe shi, ya fita.

Amma a nan akwai santsi, kuma mun ga 'yan'uwanmu da yawa sun zame. A kan sami masu ɗaukar wahala kanta a kan ita ce ibada, har su ce wa mai ciwo ko matar da a ke zalunta su yi shiru, gicciyensu ke nan. Ba mu yarda da wannan ba. Damiyan bai je Molokai neman ciwo ba. Ya yi ta faɗa da hukuma a kan abinci da tufafi da magani, da ya kamu kuma ya nemi warkewa, har ya gwada wani wankan magani da wani likita Bajapane ya kawo. Likitocin da suka san shi sun ce ya yi sakaci da tsabta ƙwarai, kuma muna ganin sun yi gaskiya. Uwa Mariyan Cope, wadda ta iso da 'yan'uwanta mata masu hidima a 1888, ta kafa dokar wanke hannu da tsabtar kaya, ta zauna a can shekara talatin har ta rasu a 1918, ba ita ba ko ɗaya daga cikin matan nan da ciwon ya kama. Wa zai ce hadayarta ta gaza tasa? Ashe ba kamuwa da ciwon ne ma'auni ba. Ma'aunin shi ne zama, watau mutum ya ga ƙofa a buɗe ya ƙi fita, domin akwai wanda ba shi da ikon fita.

Kuma kada Bature ɗaya ya rufe mana ido ga waɗanda suka riga shi. Tun kafin Damiyan ya zo akwai 'yan ƙasa masu lafiya waɗanda suka ƙi rabuwa da nasu, mata suka bi mazansu, maza suka bi matansu, iyaye suka bi 'ya'ya, suna sane da cewa mai yiwuwa ba dawowa. Ana kiransu kokua, watau mataimaka (kada ku haɗa da kokawarmu ta dandali, ko da ya ke su ma sun yi tasu). Ɗaya daga cikinsu, Jonatan Napela, babban mutum ne, ya taɓa riƙe alƙalanci, kuma ɗarikarsa dabam da ta Damiyan. A 1873 aka ɗauki matarsa, ya roƙi hukuma ta bar shi ya bi ta. Ya kamu da ciwon, ya rasu a 1879, ita kuma ta bi shi ba da daɗewa ba. Shi an san sunansa. Ɗaruruwa ba a sani ba, ba kuwa wanda ya tara musu kuɗi a Ingila.

A ƙarshen ransa Allah ya yi wa Damiyan sauƙi. Wani tsohon soja Ba'amurke, Yusufu Dutton, ya zo ya taya shi a 1886, limami ɗan ƙasarsu ya iso a 1888, saboda haka bai mutu ba mai sallamarsa ba. Ya cika ran Litinin 15 ga Afrilu 1889, a cikin makon da Kirista su ke tunawa da gicciye, yana da shekara 49. Aka binne shi a gindin itaciyar nan da ya fara kwana. Ko a kabari bai huta da baki ba, gama wani limami mai suna Hyde, wanda ba na Katolika ba, ya rubuta takarda yana kiransa ƙazami mai taurin kai, har ya sake ta da tsohon zargin nan, aka buga a jarida. Marubucin nan Robert Louis Stevenson, wanda ya ziyarci wurin bayan rasuwar da 'yan makonni, ya mayar masa da martani mai zafi a 1890. Bai musa cewa Damiyan yana da aibu ba. Abin da ya nuna shi ne mai aibun ya je, mai tsabtar kuwa yana zaune a gidansa mai kyau a Honolulu. A 1936 aka kwashe ƙasusuwansa zuwa Beljiyam, mutanen wurin suna baƙin ciki, a 1995 aka mayar musu da hannunsa na dama, a 2009 kuma Paparoma ya sa shi cikin waliyyai. Ciwon da ya kashe shi kuwa, wanda wani likita ɗan Norwe mai suna Hansen ya gano ƙwayarsa a shekarar nan ta 1873, tun 1981 an sami haɗin magunguna da ke warkar da shi sarai, an kuma gane cewa mutum 95 cikin 100 jikinsu ba ya ma karɓarsa.

Wannan na ƙarshe shi ya fi kunyata mu. Shi ya shiga abin da ba shi da magani. Mu kuwa abin da aka nema gare mu tafiyar minti goma ce zuwa bakin fadama, wurin yaron da ba ya iya sa mana kome. Muna zaune a ɗaki muna tausayin kanmu don mun ce amin mu kaɗai, muna karanta labarin Bitrus muna girgiza kai, ba mu taɓa lura da cewa mu ma wuta mu ke ji a tsakar gida ba.

Da aka koma makaranta, ran Asabar ta farko da la'asar, muka ɗauki littafin lissafi da alli muka nufi bayan gari. Muka yi sallama. Tsohuwar tana tsince wake a faifai, ta ɗaga kai ta dube mu, ta ce, “Malam, yau kai ne a gidanmu? Lale, lale.” Muka durƙusa muka ce, “Iya, ina wuni? Yaya mai jiki?” Ta ce da sauƙi. Ta shimfiɗa mana tabarma, ta shiga ta kawo ruwa, kafin ta miƙo sai ta ce, “Sha, Malam, kada ka ji kome. Wannan ƙwaryar ta baƙi ce, ba ya sha da ita.” Ƙwaryar kuwa sabuwa ful, da gani ba a taɓa sha da ita ba. A gefen murhu muka hangi akushi ɗaya tak, da muka tambaya daga baya ta ce ai tun ran da aka kawo shi tare su ke ci, ita ta tsufa da wanke kwano biyu. Ba ta taɓa jin sunan Molokai ba, ba ta kuwa karanta Ibraniyawa ba.

Yaron ya daɗe bai fito ba. Da ya fito ya tsaya daga nesa, ya rusuna ya ce, “Malam, sannu da zuwa.” Maganin ya ƙara masa duhun fata, kamar yadda ya kan yi kafin a gama, ya kuma rame. Muka ce ya matso, ya matso kaɗan, muka kama hannunsa muka zaunar da shi a kan tabarmar. Jikin bangon bukkar duk lissafi ne da gawayi, ya yi ta maimaita na ƙarshen da muka koya musu kafin a kore shi, gama bai san na gaba ba.

Daga ran nan muka riƙa zuwa Talata da Asabar. An yi 'yan gunaguni a gari na mako biyu, sa'an nan aka manta. Tuwon maigari bai fasa zuwa ba ko dare ɗaya. Yaron ya gama maganinsa, tabon ya dushe, yatsunsa goma cif, amma bai yarda ya koma ajin nan ba, sai kawunsa ya tafi da shi birni ya sa shi wata makaranta inda ba a san labarin ba.

Wata Talata kafin tafiyarsa, muna cikin raba lamba mai tsawo, kansa a sunkuye a kan allo, sai ya ce, “Malam, da can ba ka san gidan nan ba ne?”

Muka ce, “Na sani.”

Bai ɗago ba. Ya sauko da bakwai, ya ci gaba da rabawa.